Tsohon karen gadi mai yawan zawo: a yi jinyarsa ko a rabu da shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ina zaune a Rikkos cikin Jos, kuma ina da karen gadi da ya kai shekara 11 a gidana. Yanzu ya tsufa, ga zawo ya matsa masa, ya lafa ya dawo, yana ɓata tsakar gida. Uwargida ta ce tana shakkar sallarta a gidan. Wani maƙwabci ya ce in sayar wa masu sayen karnuka, wani ya ce in kai shi bayan gari in sake shi, wai kashe kuɗi a kan kare almubazzaranci ne. Nakan sayo masa Flagyl a kemis idan abin ya taso. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, ba ya halatta ka jefar da karen nan, kuma kuɗin maganinsa ba almubazzaranci ba ne. Dabbar da ke ƙarƙashin hannun mutum, ciyar da ita da shayar da ita wajibi ne a kansa, kuma wajibin ba ya faɗuwa don ta tsufa.

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya ajiye kare, in ba na farauta ko kiwo ko gona ba, ladansa na raguwa da ƙiraɗi (wani ma'auni na lada) kowace rana, a ruwayar Ibnu Umar ma ƙiraɗi biyu. Ba a ambaci gadin gida ba, shi ya sa malamai suka yi saɓani. Imamu Nawawi ya rinjayar da halacci ta hanyar ƙiyasi, domin buƙatar tsare gida ba ta gaza ta tsare gona ba. Ibnu Abi Zaid mai Risala ya rubuta hani a kan ajiye kare a gidajen cikin gari, amma masu sharhin littafin sun kawo cewa da katangar gidansa ta faɗi sai ya ajiye kare, da aka tuna masa hanin Imamu Malik sai ya ce da Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ajiye. Wanda ya san Jos ya san tsoron dare ba ƙarya ba ne. Don haka ajiyewarka ta halatta, da sharaɗin mazauninsa na waje ne, ba ya shiga ɗakuna, saboda hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da kare.

Wani zai ce ai yanzu ba ya iya gadin, izinin ya ƙare. A ganina ba haka ba ne. Hanin yana kan wanda ya je ya nemo kare babu dalili. Kai kuwa da dalili ka ɗauke shi, ka ci moriyar ƙarfinsa shekara da shekaru, abin da ya rage a hannunka amana ce. Ya zo a hadisi cewa an shigar da wata mace wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma bar ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Kada wani ya fake da ƙarshen hadisin ya ce to sakin shi ne mafita. Kyanwa mai lafiya tana farauta, amma tsohon kare mai zawo da aka saba zuba wa abinci, in aka ajiye shi a bayan gari cikin sanyin Jos, yunwa da ƙishi ne za su kashe shi a hankali, kafin nan kuma ya bi bola da ƙofofin mutane yana watsa musu abin da ke cikinsa. Ka cuci dabba, ka cuci maƙwabta, alhali ba a cuta ba a cutarwa. Sayarwa ga masu yanka ma a bar ta. Hadisin Abu Mas'ud ya hana kuɗin kare, kuma malaman da suka sassauta, irin su Sahnun na Malikiyya, sun yi maganarsu ne a kan karen da za a yi aikin halal da shi.

Wanda ya ce maka almubazzaranci ne, ka karanta masa hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo wa kare ruwa da huffinsa, Allah ya gafarta masa. Sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, Annabi (SAW) ya ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta, wato duk mai rai. Iyaka dai gwargwadon hali: ba za a hana yara abinci ko kuɗin makaranta don kare ba.

Sai maganar uwargida, kuma tana da gaskiyarta. A mazhabarmu ta Malikiyya jikin kare mai rai da yawunsa masu tsarki ne, wanke ƙwaryar da ya sha ruwa a ciki sau bakwai kuwa bauta ce da aka umarce mu da ita. Shafi'iyya suna ganin najasa ce mai kauri, a wanke sau bakwai ɗaya da ƙasa. Amma kashinsa da fitsarinsa najasa ne. Najasar tana nan inda ta faɗi kawai, ba ta mamaye gida duka, kuma taɓa karen ko kwashe kashinsa ba ya karya alwala, hannu kawai za a wanke. Idan najasar ta taɓa tufa an san wurin, a wanke wurin. Idan an tabbata ta taɓa amma wurin ya ɓace, a wanke tufar duka. Idan shakka ake ko ta taɓa, yayyafa ruwa ya wadatar. Wanda ya yi salla da ita da mantuwa, ya sake muddin lokaci bai fita ba. Daɓen siminti kuwa a kwashe ƙazantar tukuna, sannan a kwarara ruwa. Akwai wurin da mata da yawa ke kuskure: ruwan da aka zuba wa omo ko Hypo har ya canza ƙamshi ko launi ya tashi daga ruwa tsantsa, yana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ya ɗauke hukuncin najasa a wurin Malikiyya. A wanke da shi, a ƙarshe a ɗauraye da ruwa zalla. Wannan aiki kuma naka ne kai mai kare, kada ka bar wa matar gida. Ka keɓe masa wuri nesa da rijiya, da inda ake shanya, da inda yara ke rarrafe, ka sa safar hannu ko leda, domin wasu tsutsotsin cikin kare suna kama mutum.

Flagyl ɗin nan ka dakata da shi. Sanin cuta aikin masu ilminta ne, Allah ya ce ku tambayi ma'abota sani in ba ku sani ba, kuma ma'abocin sani a nan likitan dabbobi ne. Abin da likitocin ke faɗa shi ne, zawon da ke tafiya yana dawowa a tsohon kare alama ce, ba ita ce cutar ba. Yana iya zama tsutsar ciki, yana iya zama abinci, yana iya zama ciwon ƙoda ko hanta ko ƙari a hanji, waɗanda ke zuwa da tsufa. Maganin kemis yana rufe alamar kwana kaɗan cutar na ci, kuma shi Flagyl in ya yi yawa yana taɓa jijiyoyin kare har ya riƙa tangaɗi. Ibuprofen da diclofenac kuwa guba ne gare shi. Ka ɗebi kashin na ranar ka kai a auna, in sun nemi jini ka yarda. Mutumin Jos ba shi da uzuri a nan, ga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa a Vom tun 1924, ga asibitocin dabbobi a cikin gari. In ka je ka tambayi maganin tsutsa da allurar rigakafin haukan kare.

Kafin ka kai shi, ka duba abin da ake zuba masa. Ragowar tuwo da miya mai yaji da manja, kitse, ƙasusuwa, madara, abincin da ya kwana ya yi tsami, duk cikin tsoho ba ya ɗaukarsu, albasa kuma tana lalata masa jini. A dafa masa farar shinkafa da tsokar kaza ba fata, ba mai ba gishiri, a ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, ruwa mai tsabta kuma kada ya yanke a gabansa, don ƙarewar ruwan jiki ce ke saurin kayar da mai zawo. In ka ga jini a kashin, ko ya yi baƙi ƙirin, ko amai ya haɗu, ko ya ƙi ci ya kwanta, ranar za a kai shi, ba gobe ba.

Idan likita amintacce ya tabbatar ba zai tashi ba, azaba kawai yake sha, Shaihu Halil a Muhtasar ya halatta yanka dabbar da ba a cin namanta idan an ɗebe tsammani daga gare ta, don a hutar da ita. Wasu malamai sun hana, sun ce a bar ta ajalinta ya zo. Ni ina kan halacci, da sharaɗin hukuncin ya fito daga bakin likita, ba daga gajiyarka da wanke tsakar gida ba, kuma a yi da allurar da likita ke yi, ba da guba ko sanda ba. Gawar a haƙa rami a binne, kada a jefa a kwata ko rafi.

Allah ne mafi sani.