Tambaya da Amsa: An Sa wa Maigidana Bawul na Ƙarfe a Zuciya

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Makonni huɗu ke nan da aka yi wa maigidana aikin zuciya aka sa masa bawul na ƙarfe, wato 'yar ƙofar da ke daidaita wucewar jini a zuciya. Ya samu sauƙi, har yana cewa zai daina shan wafarin, wato maganin tsinka jini, idan wanda aka ba shi ya ƙare. Surukata ta hana shi miyar kuka da zogale, wani abokinsa kuma ya ce a yi masa ƙaho a fitar da mataccen jini. Da dare ina jin wani sauti kas-kas a ƙirjinsa. Me ya kamata mu yi? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara masa lafiya. Sautin da kike ji ƙarar bawul ɗin ce yayin da yake buɗewa yana rufewa, kuma alama ce ta cewa yana aiki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne maganar daina wafarin. Jini yana saurin daskarewa a jikin bawul na ƙarfe, kuma idan gudan jini ya taru, zai iya toshe bawul ɗin ko ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa ya haddasa shanyewar ɓarin jiki. Saboda haka duk wanda aka sa wa irin wannan bawul zai sha maganin tsinka jini har ƙarshen rayuwarsa, komai lafiyar da yake ji. Ana auna ƙarfin maganin da gwajin jini da ake kira INR, wanda yawanci ake son ya tsaya tsakanin 2 da 3, ko tsakanin 2.5 da 3.5, gwargwadon bawul ɗin da aka canza. Ku tambayi likitansa lambar da ta dace da shi, ku samu ɗan littafi kuna rubuta sakamakon kowane gwaji, kuma ya riƙa shan maganin a lokaci guda kullum.

Surukarki ta ji wani ɓangare na gaskiya, domin ganyaye irin su zogale, alayyafo da kabeji suna ɗauke da bitamin K, wanda yake rage ƙarfin wafarin. Sai dai ba a buƙatar hana shi miyarsa. Abin da ake so shi ne ya riƙa cin ganye daidai yadda ya saba, domin wanda ya yi wata guda bai taɓa shi ba sannan ya kwana uku yana cin kwaɗon zogale, shi ne gwajinsa yake rikicewa.

Ƙaho kuwa a bar shi gaba ɗaya, tare da tsaga da duk wani aikin wanzami, saboda jinin ba zai tsaya da wuri ba, kuma ƙwayoyin cuta za su iya shiga jini su sauka a kan bawul ɗin. Wannan dalilin ne ya sa dole ya kula da haƙoransa, ya kuma sanar da likitan haƙori halin da yake ciki kafin a cire masa haƙori. Kada ya sayi ibufurofen, diklofenak ko filajil a kyamis, kada kuma ya sha jiƙe-jiƙen gargajiya, sai da sanin likita.

Ƙashin ƙirjin da aka raba yana ɗaukar makonni 6 zuwa 8 kafin ya haɗe, don haka ba ɗaukar bokitin ruwa, ba tuƙa babur ko mota, kuma idan sujada tana ja masa ɗinkin ya yi salla a zaune. Tafiya a ƙasa kullum, ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan, tana da amfani ƙwarai.

Ku garzaya asibiti ko da tsakar dare ne idan kun ga haɓon da ya ƙi tsayawa, jini a fitsari, bayan gida baƙi kamar kwalta, zazzaɓi, ruwa ko mugunya a wurin ɗinki, sarƙewar numfashi, karkacewar baki, ko kuma sautin nan da kika saba ji ya dusashe.