Za a iya rusa Obamacare ta hanyar kasafin kuɗi?

Wani ɗan'uwa mai tuƙin Uber a Bronx ya aiko da tambaya: ya ji ana cewa 'yan majalisar Amurka za su bi ta kasafin kuɗi su soke Obamacare, wato dokar inshorar lafiya ta zamanin Obama, to ya daina biyan inshorar lafiyarsa ne?

Malam, kada ka daina. A Majalisar Dattawa mai kujeru 100, yawancin dokoki sai an samu ƙuri'a 60 kafin a rufe muhawara. Amma akwai hanyar daidaita kasafi, wadda rinjaye kawai take buƙata, muhawararta kuma awa 20 ce. Sai dai ƙa'idar Byrd ta ɗaure ta: abin da bai taɓa haraji ko kuɗin gwamnati ba, ba ya shiga. Saboda haka hana kamfani ƙin mai tsohuwar cuta, da barin yaro cikin inshorar iyayensa har shekara 26, suna da wuyar taɓawa ta nan. An gwada soke wasu sassan Obamacare ta wannan hanya a Yulin 2017, aka faɗi da ƙuri'a 49 da 51, bayan Sanata John McCain ya ƙi.

Kuɗin dai ana taɓa shi, kuma nan ne ya shafe ka. A ƙarshen 2017 aka mayar da tarar rashin inshora sifili, ko da yake New Jersey da Kalifoniya suna da tasu tarar. Dokar da Trump ya sa wa hannu ran 4 ga Yuli 2025 ta bi wannan hanyar: daga 2027 masu mafaka da masu TPS, wato izinin zama na wucin gadi, ba su da tallafin biyan inshora, mai girin kad kuwa yana nan.

Abin da ke kayar da direbobi shi ne ƙiyasin samu, domin da shi ake lissafa tallafin. Idan ka rubuta ƙasa da abin da ka samu, daga harajin 2026 duk rarar tallafin za ka mayar, babu ragi. Da samunka ya sauya, ka sanar cikin kwana 30. Ka adana takardar 1095-A mai nuna tallafin da aka ba ka, da ita ake cike fam 8962 na lissafin tallafin lokacin haraji.

In za ka je gida azumi ko biki, ka bar banki yana cire kuɗin kai tsaye. Mai tallafi wata uku ake ɗaga masa. In suka wuce bai biya ba an yanke shi, sai kuma an buɗe rajista ran 1 ga Nuwamba.