Na Ci Mutuncin Abokin Aikina A Gaban Jama'a, Istigfari Ya Wadatar?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a sashen kuɗi na wani ofis. Ranar Talatar da ta wuce wani fayil ya ɓace, ga shi ana jiran mu da shi. Sai na hau masinjanmu da faɗa a gaban mutane, dattijo ne da ya isa ya haife ni, har na ce masa baƙauye mara amfani. Bai ce mini uffan ba. Da la'asar sai na tsinci fayil ɗin a cikin durowata. Na yi istigfari sosai, kullum ina yi masa sallama yana amsawa, jiya ma na ba shi kuɗin mota ya karɓa. Shin hakan ya wadatar, ko dole sai na buɗe baki na roƙe shi gafara? Ina tsoron raini ya shiga tsakanina da na ƙasa da ni.

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya saka maka da alheri da ka faɗi gaskiya a kan kanka. Bai wadatar ba, ɗan'uwa. Wajibi ne ka je ka nemi yafiyarsa da bakinka.

Laifin da ka yi yana da fuska biyu. Akwai haƙƙin Allah, domin Ya hana a cikin Suratul Hujurat, aya ta 11, wasu su yi wa wasu izgili ko su jefi juna da miyagun laƙubba. Wannan istigfari da nadama suna goge shi in Allah Ya so. Sai haƙƙin bawa, shi kuwa mai shi ne kaɗai yake da ikon sauke shi. Imamun Nawawi a Riyadus Salihin ya kawo sharuɗɗan tuba uku, sannan ya ce idan laifin ya shafi ɗan Adam sai su zama huɗu, na huɗun shi ne mutum ya kuɓuta daga haƙƙin mai haƙƙi. Ko ba mu je can ba, Ahalarin da muka karanta muna yara ya lissafa abin da ya wajaba mutum ya tsare harshensa daga gare shi, a ciki akwai yi wa Musulmi tsawa, da wulaƙanta shi, da zaginsa ba tare da haƙƙin shari'a ba. Duka ukun ka haɗa a zama ɗaya.

Hujjar da ta fi fitowa fili ita ce hadisin Abu Huraira a Sahihul Bukhari, inda Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya zalunci ɗan'uwansa a mutuncinsa ko a wani abu, ya nemi ya warware masa tun yau, kafin ranar da babu dinari babu dirhami. In yana da aikin kirki a ɗiba gwargwadon zaluncin, in ba shi da shi a ɗebo zunuban wancan a ɗora masa. Ka lura da mutunci aka fara, kafin dukiya. Mu kuwa mun ɗauka bashin kuɗi ne kawai bashi.

Sallamar da kake yi masa tana da amfaninta. Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa sallama tana fitar da mutum daga ƙauracewar da aka haramta ta wuce kwana uku. To ka fita daga gaba, amma ba ka fita daga zalunci ba, babi biyu ne daban. Kuɗin motar ma kyauta ce mai kyau, sai dai ka duba matsayinsa: mutumin da albashinsa yake bi ta teburinka, yaya za a yi ya ƙi amsa sallamarka ko ya mayar maka da kyauta? Shirunsa da karɓarsa ba sa nuna ya yafe. Watakila ma ya karɓa ne zuciyarsa tana ƙuna, yana ganin an sayi mutuncinsa da kuɗin shiga Keke Napep.

Batun raini kuwa, bari in ba ka labarin wanda ya fi ni ya fi ka. Bukhari ya ruwaito daga Abud Darda'i cewa Sayyidina Abubakar ya zo wurin Annabi (SAW) riƙe da gefen tufafinsa har gwiwarsa ta bayyana, ya ce wani abu ya shiga tsakaninsa da Umar ɗan Haɗɗabi, ya yi gaggawar faɗa masa magana, sannan ya yi nadama, ya roƙe shi gafara amma ya ƙi. Annabi ya ce masa Allah Ya gafarta maka ya Abubakar, har sau uku. Can sai Umar ma ya yi nadama, ya je gidan Abubakar bai same shi ba, ya biyo shi majalisar. Da Abubakar ya ga fuskar Annabi tana canzawa, sai ya ji tsoron abin da zai samu Umar, ya durƙusa bisa gwiwoyinsa yana rantsuwa cewa shi ne ya fi laifi, ya maimaita sau biyu. A gaban sahabbai ya yi wannan, kuma babu wanda ya raina shi. Abokan aikinka da suka ji tsawarka ranar Talata sun riga sun yanke hukunci a kanka a zukatansu, yanzu dama ce gare ka ka gyara shi.

Yadda za ka yi: kada ka aika a kira maka shi ofishinka kamar zai karɓi takarda. Kai za ka tashi ka same shi inda yake zama, ka gaishe shi gaisuwar ɗa ga uba, ka ce, "Baba, fayil ɗin nan a durowata na same shi. Laifina ne, na faɗa maka maganar da ba ta dace ba. Don Allah ka yafe mini." Ka guji irin ban haƙurin da ya zama yayi, "in na ɓata maka rai ka yi haƙuri." Babu "in" a nan, ka san ka ɓata. Kuma "yi haƙuri" kaɗai umarni ne gare shi ya daure, "yafe mini" shi ne roƙon ya sauke haƙƙinsa. Kada ka biyo da "amma kai ma", ko ka fake da yawan aiki.

Akwai saura. Ka tuhume shi da ɓatar da fayil a gaban mutane, kuma har yanzu suna ɗauka shi ya ɓatar. Wanke shi a gabansu yana cikin mayar da haƙƙi. Ba sai an kira taro ba; ya isa ka faɗa a inda waɗanda suka ji na farko za su ji, cewa takardar tana wurinka, Baba ba shi da laifi. In maganar ta kai ga shugabanku, ko an rubuta masa takardar gargaɗi a kanta, to ka je ka warware a can ma, don kada ta taɓa masa ƙarin girma.

Watakila ka ji wasu malamai, irin su Ibn Taimiyya, sun ce wanda ya yi gulma ba lallai ne ya sanar da wanda ya ci namansa ba, ya yi masa addu'a ya yabe shi a inda ya zage shi. Wannan a kan maganar da ba ta kai kunnen mai ita ba ce, don gudun tayar da fitinar da take kwance. Naka a idonsa ka faɗa. Hukuncin kuma bai canzawa ko da abokin aikin ba Musulmi ba ne, ko mace ce, sai dai ita a roƙe ta ba tare da keɓancewa ba.

In ya ƙi yafewa, haƙƙinsa ne, kada ka yi fushi ka ce ai na ba shi haƙuri. Ka bar shi ya huce, ka sake komawa, ko ka haɗa da wani da yake jin nauyinsa, ka ci gaba da kyautata masa da yi masa addu'a. Wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa da gaskiya, muna kyautata zaton Allah zai yardar masa da abokin husumarsa. Shi kuma Baba, in wannan amsa ta kai gare shi, muna tuna masa da aya ta 40 a Suratush Shura, cewa wanda ya yafe ya gyara ladansa yana wurin Allah.

Kada ka bari gobe ta wuce ba ka je ba.

Wallahu a'alam.