Ke da kike tambaya kan kwalamar yara

'Yar nan, saƙonki ya ba ni dariya, daga baya kuma na yi jim. Wai ki hana yarinyarki sayen awara a ƙofar gida, tunda 'yan ajinsu na unguwar Nasarawa biskit da lemon kwali ake cika musu jaka? Har kina tambaya ko dama al'ada ta hana yaro ci a titi.

Mu a Jakara, cikin birnin Kano, muka tashi, ƙamshin gurasa ke tashinmu da asuba. 'Ya'yan 'yan kasuwar Kurmi su ne masu kuɗin tara, su ke cin iloka da tuwon madara. Mu 'ya'yan malamai sai goruba da aduwa da magarya, alewa kuwa sai an yi sadaka. 'Ya'yan gidan sarauta ba ki taɓa ganin bakinsu na motsi a waje, ko me suke ci a ciki oho.

Shekarar da aka canja kuɗi, 1973, wani baƙon Malam ya ba ni sabon kwabo biyar, yana ƙyalli. Ko gida ban shiga ba na ruga na sayi hanjin ligidi, canjin na ƙara da gyaɗa mai gishiri. Ina tafe ina ja yana miƙewa, har haɓa ta ta yi danƙo, sai ga Inna, kakarmu ni da babanki, ta dawo daga barka. Ba ta dake ni ba. Kunnena ta riƙe har soro, ta ƙwala wa yaran gida kira, su bakwai, ta gutsuttsura musu ina kallo. Ni yatsuna na lasa. Ta ce, "Mai ci a hanya da idon mutane yake haɗiya. Abin da ɗan'uwa ya gani kuwa, da rabonsa a ciki." Kwana biyu ban yi mata magana ba, Allah ya jiƙanta.

Ku yanzu sai ku jibgo katan daga kasuwar Singa, kowane yaro da ledarsa, ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Haƙora duk sun ruɓe tun ba a yi famfara ba.

Awarar kuwa, mu muna yara ba mu san ta ba. Ki dai leƙa ki ga man da mai suyar ke amfani da shi. In za ki zo ranar Juma'a ki taho min da ita, a sa yaji sosai.