Aikin ɗan kokawa idan damina ta rufe fage

Ɗana, ka ce tunda ruwa ya sauka a nan Gadarif ta gabashin Sudan an tashi daga fage sai an yanke riɗi da dawa, ko noman da kake yi ya isa ya riƙe maka ƙarfi har kaka. Bai isa ba. Fartanya tana ba ka juriya, amma yini kake a duƙe, bayanka ya sage, cinyarka ba ta ɗauki komai ba. Ita kuwa kokawa ƙarfin sunkuta take so, wanda ke tasowa daga ƙafa ya bi ta ƙugu a lokaci guda.

Yuli da Agusta na ɗaga nauyi ne. Kwana 3 a mako, da kwana guda a tsakani, don a hutu nama ke ginuwa. Bayan sallar Asuba ka yi sassarfa ta minti 10 har gumi ya tsatso. Sai ka zuba yashi kilo 30 a buhu, ka ɗaure bakinsa tam, ka rungume shi a ƙirji kamar ka cafki abokin karawa. Tsuguna da shi ka miƙe sau 6, ka huta minti 2, ka maimaita har zagaye 5. Diddige a ƙasa, gwiwa tana kallon inda yatsun ƙafa suke kallo. Da ka ga gwiwa tana karkatowa ciki, ko baya ya yi doro, ajiye buhun, nauyin ya fi ka. A nan yara suke ɓata ƙugunsu, don son a ce sun ɗaga da yawa. Ƙarin kilo 2 a mako ya ishe ka, domin nama yana riga jijiya ƙwari, kuma jijiyar ce ke tsinkewa.

Don riƙo, cika jarka biyu masu lita 20, ka yi taku 40 da su ba tare da kafaɗa ta zube ba, sau 4. Rataya igiya mai kauri a reshe ka riƙa jan jikinka sama.

Wuya kuma a hankali. Dafa tafin hannu a goshi ka tura da kai na daƙiƙa 10, haka a ƙeya da gefe biyu. Kada ka kafa kai a ƙasa ka ɗora masa jikinka tun yanzu.

In Satumba ta kama, mayar da buhu kwana 2 a mako, ka nemi numfashi: gudu iya ƙarfinka daƙiƙa 20, tafiya minti guda, sau 8. Ku riƙa kama juna da abokinka minti 3 ba kayarwa. Amma ku nemi yashi. Baƙar lakar nan tamu in ta jiƙe tana riƙe ƙafa, jiki ya juya ƙafa ba ta juya ba, gwiwa ta tafi.

Ci ful (dafaffen wake) da ƙwai da safe, asida (tuwon dawa) da madara da dare, gyaɗa da dabino a aljihu. In fitsarinka ya yi duhu, ruwa ya yi maka ƙaranci.

Abin da na fi ji maka shi ne zazzaɓin cizon sauro. In ya kama ka, tsaya cak, a gwada jininka, ka shanye maganin duka. Yakan kumbura saifa, can ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, kuma kaye ɗaya na iya fasa ta. Kada ka bari kowa ya kama ka sai likita ya taɓa wurin ya sallame ka.