Kiliyar da ke Ɓarewa da Murfin da ke Rawa a Wilin Tirela

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa kiliyar nan, wato fenti marar launi da ke kan wilin alminiyam na tirelar da aka kawo mana, take ɓarewa kamar saɓar maciji, sannan ka tambayi abin da za a yi wa murafen tsakiya da suke rawa suna ƙara idan tirelar tana tafiya. Har ka kawo shawarar a goge inda ya ɓare a fesa sabuwar kiliya a kai, murafen kuma a naɗa musu salatif domin su kama. Da wani ne ya kawo wannan magana da ban ɓata yawuna ba, amma kai a hannuna kake koyo, kuma ambaton salatif ɗin nan ya sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi, domin akwai asarar da na yi shekara 12 da suka wuce wadda har yau ban huce ba.

Abu na farko da za ka gane shi ne tambayoyinka biyu tambaya ɗaya ce. Alminiyam ba ya yin jar tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, amma yana da tasa, fara ce mai kama da garin alli. A masana'anta ana fere fuskar wili a goge ta har ta yi ƙyalli, sannan a rufe ta da kiliya, wato fentin nan marar launi, domin iska da ruwa kada su taɓa ƙarfen. Matsalar ita ce kiliya ba ta samun abin riƙo sosai a kan ƙarfe mai santsi, saboda haka muddin ta sami ƙofa ko da ta kai kan allura, danshi zai shiga ƙarƙashinta ya riƙa tafiya yana cin ƙarfen yana ɗaga ta. Waɗannan fararen zare-zaren da ka gani masu kama da hanyar gara, sawun wannan tafiya ne. Ka ɗauki wilin ka duba da kyau, za ka ga babu zare ɗaya da ya faro daga tsakiyar fili. Kowanne ya taso ne daga wani baki: ko leɓen wili inda mai faci ya sa ƙarfensa, ko inda aka maƙala dalmar daidaita taya, ko ramin noti inda sifana ta karce, ko kuma bakin ramin tsakiya inda murfi mai rawa ya shafe dubban kilomitoci yana gurzar kiliyar. Rana da zafin birki suna busar da ita ta yi rawaya ta tsattsage, gishiri kuma yana hanzarta cin, shi ya sa tirelar da ake sauke jirgin ruwa da ita a ruwan teku ta fi kowacce saurin lalacewa.

Irin wannan tirela ce wani mutum ya kawo mini a shekarar da na yi waccan asarar. Ba zan kama sunansa ba, domin bai cancanta ba. Wili huɗu ne masu inci 15, dukkansu sun yi fari fat kamar an barbaɗa musu toka, ya ce yana son su koma sababbi. Na gaya masa gaskiya cewa babu gyaran rabi da rabi, sai an cire tsohuwar kiliya gaba ɗaya an koma kan ƙarfe, kuma ya amince. Kwana shida na yi a kansu. Na kankare su, na bi su da samfefa tun daga lamba 320 har zuwa 2000, kowace lamba sai ta share sawun wadda ta gabace ta kafin in wuce gaba, yatsuna har sai da suka daina jin ruwan zafi. Na wanke bayansu tas, na fesa kiliya mai haɗi biyu, wato wadda ake gaurayawa da sinadarin da ke sa ta tauri. Da ya zo karɓa sai da ya ga fuskarsa a jikin wilin yana murmushi, ya ba ni rabin kuɗin aiki, ya ce ragowar sai ƙarshen wata. Ni kuma a lokacin ina ganin duk mai tsaftar riga mai tsaftar ciki ne, sai na bar shi ya tafi.

Wata huɗu ban ji ɗuriyarsa ba. Ranar da ya dawo, ina tsaye da mutum biyu da suka kawo aiki, ɗayansu yana da tireloli da dama kuma muna gab da daidaitawa. Sai ga shi ya sauke wili biyu daga bayan motarsa ya jefar a gabana, kiliyarsu tana tashi ɓawo-ɓawo, yana ɗaga murya yana cewa ga aikin da na cuce shi da shi. Zubinsu ɗaya da waɗanda na gyara, girma ɗaya, ramukan noti biyar. Kunya ta rufe ni, ban ko sunkuya na juya su ba. A gaban mutanen nan na ce zan sake aikin kyauta, ragowar kuɗin ma na yafe, domin a tunanina mutuncin sana'a ya fi kuɗi.

Washegari na shafa maganin cire fenti a kan na farko, na tsaya ina jira. Na san kiliyata, ba ta daɗewa take tattarewa ta yamutse idan maganin ya hau ta. Wannan kuwa ta yi kememe, na ƙara shafawa har sau uku kafin ta soma saki, alamar irin ta hoda ce da ake gasawa a tanda a masana'anta, wadda ban taɓa mallakar na'urar yin ta ba. Nan jikina ya yi sanyi. Na kifa wilin, sai ga bayansa cike da busasshen taɓo da farin ɓawon da ya shekara da shekaru, alhali da hannuna na wanke bayan huɗun nan har suna sheƙi. A bakin ramin tsakiya kuwa ga ragowar baƙin salatif a manne, wanda aka naɗa wa murfi domin ya kama, ya riƙe ruwa kamar soso, kuma daga daidai wurin duk fararen zaren suka bazu. Ashe mutumin tirela biyu gare shi iri ɗaya, ya kwance wilin ɗayar ya kawo mini. Da na tare shi da maganar ko gezau bai yi ba, cewa ya yi ni na yi alkawari da bakina a gaban shaidu. Na yi aikin, domin ban iya cin maganata ba. Kwana uku suka tafi, kayan aiki suka tafi, rabin kuɗina ya tafi, mai tirelolin nan da ya tsaya yana kallo kuma bai sake tako wurina ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai, domin ya tafi da labarin da ba gaskiya ba. Tun daga ranar, duk wilin da ya shigo hannuna sai na kifa shi na rubuta lambobin da aka zuba a bayansa a littafi. Kullum kana ganina ina yin haka, amma ba ka taɓa tambayar dalili ba, don ku yaran yanzu idonku yana kan waya, abin da ke gabanku kuma sai an nuna muku da yatsa.

Yadda ake kwance taya da wanke wili ba zan tsaya bayaninsa ba, wanda bai san wannan ba bai kamata ya riƙe sifana ba. Abin da ke kayar da masu gaggawa shi ne abin da ke tsakanin gogewa da fesawa. Man gogewa yana barin maiƙo a jikin ƙarfe, kuma kiliya ba ta zama a kan maiƙo, saboda haka sai an wanke da maganin cire maiƙo har farin tsumma ya fito fari, sannan a fesa ba tare da an bar wilin ya kwana ba. Kada kuma ka goge shi ya zama madubi sannan ka sa ran kowace kiliya za ta kama. Ka nemi wadda aka yi domin hawa kan tsiraicin ƙarfe. Mai haɗi biyu tana da guba mai lalata huhu, ba a fesa ta da ƙyalle a hanci. Idan kana shakkar ko wili yana da kiliya, ka ɗiga man goge ƙarfe a farin tsumma ka murza ɓoyayyen wuri: idan tsumman ya yi baƙi, ƙarfe ne tsirara. Mai tirela kuma ka gaya masa sabulu da ruwa sun isa wajen wanke wili. Ruwan asid da ake haska alminiyam da shi da kuma soda mai ƙuna, duka biyun suna bin kowace 'yar tsaga su ci ƙarfen.

Murfin tsakiya kuwa, kafin ka ce za ka tsayar da shi, ka fara sanin irinsa da abin da ya sa ya saki. Akwai wanda ake turowa daga bayan wili, leɓensa ya zauna a bayan ramin, wanda ba ya fita sai an kwance taya. Akwai na roba mai 'yan ƙafafu da ake dannawa daga gaba, sau da yawa da zoben waya a ciki mai tura ƙafafun waje. Na robar nan zafi yana gasa shi har ƙafafun su bushe su karye, zoben kuma ya saki. Wani lokaci murfin lafiya yake, ramin ne ya faɗaɗa saboda farar tsatsa ta ci bakinsa an kankare. Wani lokaci kuma tun farko ba girmansa ba ne, domin ramukan sun bambanta, akwai mai inci 3.19, akwai mai 4.25, kuma ido ba ya auna wannan. Ka sa ma'auni ka auna ramin bayan ka tsabtace shi, ka sayo murfin da ya dace. Idan ka ga murfin roba ya narke ko ya lanƙwashe, ko giris ya fantsama a cikinsa, to ka ajiye maganar ado gefe ka buɗe boris, domin zafin daga can yake fitowa, kuma boris da ya ƙone yana iya raba taya da tirela a tsakiyar hanya.

Saura abu ɗaya wanda idan ka saɓa shi zan kore ka daga wurin nan. Kada kiliya ko fenti su taɓa mazaunin noti, ko bayan wili inda yake haɗuwa da hob, wato ƙarfen da ake ɗaura wilin a kansa. Ka rufe wuraren kafin ka fesa. Fenti mai kauri a nan yana laushi idan birki ya yi zafi, ya matse ya fita, sai notin da ka ɗaure tamau ya wayi gari sakwa-sakwa, wilin ya soma wasa yana cinye ramukansa. Ka ɗaure notuna da sifana mai awo gwargwadon abin da masu ƙera tirelar suka rubuta, kana tsallakawa daga wannan zuwa na daura da shi, ba bi da bi ba, kuma ka gaya wa mai ita ya dawo a sake ɗaurewa kafin ya wuce kilomita 80 na farko, domin alminiyam yana zama bayan an ɗaura shi.

Gobe da safe ka kwance wilin nan huɗu, ka kifa su, ka rubuta lambobinsu a littafi, ka auna ramin tsakiyar kowanne, sannan ka kira ni in duba boris kafin ka taɓa samfefa. Salatif ɗin kuma ka mayar da shi inda ka ɗauko.