Gilashin taga mai samar da lantarki yana tare zafi kuwa?

Tambaya: Ina shirin gini, sai na ji labarin gilashin taga mai samar da lantarki daga hasken rana. In na sa shi zai hana zafi shiga ɗaki, ko wutar kawai zan samu?

Amsa: Malam, ta hanya biyu zafi ke shiga ta taga, kuma ɗaya ce kawai ƙwayoyin sola, wato sassan cikin gilashin da ke mayar da haske lantarki, ke tarewa.

Ta farko ita ce hasken rana da ke ratsa gilashi kai tsaye. A nan gilashin sola yana da amfani sosai. Farin gilashi falle ɗaya yana barin fiye da kashi 80 cikin 100 na zafin rana ya wuce, ƙwayoyin sola kuwa suna tare wani kaso kamar labule. Iya duhun gilashin, iya wutar da inuwar da za ka samu, sai dai ɗakin zai rage haske.

Ta biyu ita ce zafin da ke bin jikin gilashin saboda waje ya fi ciki zafi. Injiniyoyi suna auna shi da ma'aunin U, kuma ƙaramar lamba ita ake so. Falle ɗaya yana wajen 5.8, biyu da iska a tsakani wajen 2.8. In aka cika tsakanin da iskar argon, aka yi shafen da ke mayar da zafi, yakan sauko kusan 1.1. Ƙwayoyin sola kusan ba sa taɓa wannan lambar. Ratar da shafen ne ke aikin.

Ga inda gizo ke saƙar, kuma masu talla ba su cika faɗa ba: kaɗan ne daga hasken da ƙwayoyin suka sha ke zama lantarki, saura zafi yake komawa. Gilashin da kansa sai ya ɗau zafi, in falle ɗaya ne ya juye maka wani kasonsa cikin ɗaki. Wutar ma raguwa take yi, don ƙwayar sola ta silikon tana asarar kusan kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinta a kowane digiri da zafinta ya haura 25 a ma'aunin Celsius.

Ni dai ba zan sa falle ɗaya ba. Nemi mai falle biyu, ƙwayoyin a fallen waje, shafen da ratar a bayansu. Kafin ka biya, a nuna maka lambar U da ta kason zafin rana da ke ratsa gilashin a rubuce, kuma ka tambaya ko lambar U ɗin ta haɗa da firam, don firam ɗin alminiyam mara katangar tare zafi a ciki yana shigo da zafi ta gefe.